Inda Allura Take Tsayawa

Akwai wani ɗigon jan farce a gilashin rediyon maigidana.
Ƙanwarsa Larai ce ta ɗiga shi,
kada mai ƙaiƙayin hannu ya murɗa ya ɓatar mana da tasha.
A nan allurar rediyo take tsayawa,
ta keken ɗinki ma, da huɗu ta buga, sai ta tsaya.

Shagonmu yana Fagge, mu uku a benci ɗaya,
ni ne ɗan sa maɓalli da sayo gawayin guga.
Eriya ta karye tun kafin in zo,
wayar burkin keke muka ɗaura a madadinta.
Batir kuwa a kan kwano muke shanya shi kamar barkono,
in ya ƙi farfaɗowa Tanimu ya gartsa masa haƙori.

"Jama'ar birni da waje, kun yini lafiya?"
Muryar Baballe ke nan.
Ban taɓa ganin fuskarsa ba,
amma na san tarinsa, na san kukan kujerarsa,
na san ranar da mura ta kama shi.
Sai ya saki faifai.
Kalangu ya bi bayan sarewar Indiya,
goge ya bi bayan jitar Kwango,
babu mai tambayar wa ya haifi wa.
Mai shayi ya ƙure tasa, direban hayis ya ƙure tasa.
Ka taso daga Fagge a ƙafa har Ƙofar Mata,
waƙar ba za ta yanke maka ba,
shago yana miƙa wa shago ita
kamar buta a ƙofar masallaci.

Katin zaɓi-sonka kwabo goma ne.
Na ƙi cin ƙosai kwana huɗu na saya,
na rubuta da biron aro, hannu yana rawa:
Sa'idu tela yana gaida Uwale ta Yakasai.
Sati uku ina kasa kunne.
Ran da katina ya fito, Baballe ya yi gyaran murya,
ya ce Sa'adu.
Sa'adu mai faci na bakin titi ya sha kirari har magariba,
bai musa ba, ni ma ban tanka ba.
Shi ya aure ta. 'Ya'yansu bakwai.
Ni na ɗinka masa rigar angwanci,
ban ma matse masa wuya ba.

Ina da kaset ɗaya da ya rage.
A lokacin gardama nake yi da Baballe,
yatsana a kan maɓalli, ina so ya yi shiru in ɗauki waƙa tsantsa.
Yau da biro nake juya zaren baya,
ina tsallake waƙoƙin,
ina neman inda na makara ban yanke shi ba:
"sai kuma ta gaba, wadda mutanen Gwammaja suka..."
Ƙat.
Iyakar abin da na bar wa kaina ke nan.

Jiya na murɗa zuwa kan ɗigon.
Wani yana tallan maganin basir da sanyin ƙashi,
bayansa sojojin baka biyu suna cin mutuncin juna.
Ɗana ya zuba mini waƙa dubu a waya,
ya ce duk wadda nake so in taɓa kawai.
Na taɓa. Ta zo kuwa, tas, babu shuu, babu ƙara.
Sai dai ba wanda ya zaɓa mini ita,
ba wanda ya tambaye ni yadda na yini,
kuma maƙwabcina ba ya jin abin da nake ji.

Larai ta rasu shekarar da aka rushe layin shagunanmu.
Jan farcenta yana nan, ya ɗan koɗe.
Har yanzu in huɗu ta yi ƙafata takan sauka daga kan keke,
yaran shago su ɗago kai:
"Baba, zare ne ya tsinke?"
In ce musu, eh, zare ne.